Kaka da fatar ƙasa

Ban samu jana'izar Kaka ba. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a tsakiyar zafin bazara, aka kai ta kafin magariba, ni kuwa ina Yamai. Washegari na hau motar farko zuwa Dogon Dutsi, daga nan motar kasuwa zuwa Dumega, sannan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauyenmu. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, maza sun cika su, ana ta Allah ya jiƙanta, Allah ya sanyaya makwanci. Ina rubuta wannan ne domin na ji an fara ba da labarinta kamar na kowace tsohuwa, wai mai haƙuri, mai kawar da kai. Kaka kuwa akwai abu guda da ba ta da haƙuri a kansa ko ƙanƙani, kuma shi nake tsoron a manta.

A cikin gida Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta riƙe ni tana kuka, can ta ɗago ta ce, "To yanzu wa za shi kore mu in mun taka mata ƙasa?" Matan da ke zaune suka yi dariya da hawaye a fuska, domin babu wadda Kaka ba ta taɓa kora ba a cikinsu. Akwai ƙawarta ta ƙuruciya, wata tsohuwa Kirista da ta taso tun daga Dogon Dutsi da sandarta. Ta ce shekarun baya ruwa na cin gangaren bayan gidanta, sai Kaka ta aiko mata da ƙasa ƙulle a tsumma kamar mai aiken daddawa, tare da bayanin yadda za ta yi da ita. "Har yau wurin na nan," in ji ta, "jikokina sun san ba a wasa nan." Ta yi addu'a irin tasu a hankali, matan suka ce amin.

A waje na ji wata magana dabam. Wani maƙwabci ya matso kusa da Baba Ƙarami, ƙanin mahaifina, wanda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifin nawa. Ya yi masa gaisuwa, sannan ya rage murya, amma bai rage ta sosai ba.

"Bana dai hatsi har gindin dutsi ke nan."

Baba Ƙarami ya ci gaba da jan tasbaha. Ni kuwa na san wurin da ake nufi, ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ruwan farko na sauka za a fita shuka.

Wurin wata ƴar saura ce, wato gonar da aka bari ba a nomawa. Siririya ce, ta bi gindin dutsi, a sama da gamanoni, ƙananan gonakin da mata ke noma gujiya da kuɓewa da yakuwa. Kakanmu ya ba Kaka gangaren tun tana sabon aure, ta noma ƙasan, ta ƙi taɓa saman, har ta tsufa. In ka tsaya daga nesa babu abin kallo sai sabara da ƴan geza. Sai ka durƙusa za ka ga rairayin wurin ba sako-sako yake ba kamar na ko'ina. Akwai wani ɓawo baƙi-baƙi a kansa, mai gurje-gurje, kaurinsa bai fi na ɓawon gyaɗa ba. In ka ɓamɓare shi ka ɗaga, za ka ga ƙwayoyin rairayi na reto a ƙarƙashinsa, maƙale da wasu zarurruka sirara. In ka zuba masa ruwa, kafin ka gama gaisawa da mutum ya fara yin kore. Kaka na ce masa fatar ƙasa.

Ba ta yarda a taka ba, mutum ko dabba. Ta fitar da wata ƴar hanya a gefe, faɗin sawu ɗaya, kowa sai ta nan. Makiyaya in sun sauko, takan tare su tun daga nesa da ƙwaryar fura, su sha, sannan ta nuna musu inda za su kewaya da shanu. Wanda ya sha furar ya ƙi kewayawa kuwa, ranar zai san Kaka na da murya. Muna yara mun taso mun ji ana cewa akwai doguwa a saurar, iska ce mai fushi, shi ya sa ba a shiga. Na taɓa tambayarta ko gaskiya ne.

"Ni dai ban gan ta ba," ta ce. "Amma tun da anka hwara hwaɗin haka, ko akuya ba a korowa nan. In tana nan, Allah shi ƙara mata lahiya."

Ni ne mijinta a cikin jikoki, bisa wasan kaka da jika. Miji ɗan lakwal, wato ɗan boko, in ji ta, wanda bai iya riƙon kalmen noma ba, bai taɓa ɗinka mata ko kallabi ba. Nakan ce zan sake ta in auro ƴar Yamai. Takan ce in gaggauta, ta gaji da ciyar da rago. A haka muke tun ina ƙarami, kuma ni ne na yi mata ɓarnar da babu saniyar da ta taɓa yi mata.

Na gama shekarar farko a jami'a, ina karatun noma, na dawo hutu kaina cike da sani. An koya mana fako, ƙasar da ta daskare ta yi tauri ruwa ba ya shigarta, an ce maganinta a fasa ta. Gaskiya ne, fako haka yake. Kuskurena shi ne na ga ɓawon Kaka na ɗauka shi ne. Ranar da ta tafi kasuwar Tibiri na saɓi hauya na hau gangaren, na fasa tun daga gindin babbar sabara har bakin ƴar hanyarta, fili ya kai tsakar gida biyu. Na yi gumi sosai, ina ta lissafa irin godiyar da za ta yi mini.

Ta dawo da la'asar. Matar da ke yi wa kowa tsawa ba ta ɗaga murya ba. Ta sauke kayanta, ta durƙusa, ta shiga tsintar gutsattsarin ɓawon ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a bakin zaninta.

"Wa yas sa ka?"

Na ce an koya mana, ruwa ba ya shiga irin wannan ƙasa.

"Hwako ƙasa ta wadda tam mutu tas sandare," ta ce, ba ta dube ni ba. "Wagga da ranta ka heɗe ta."

Mako biyu ba ta ce mini mijina ba. Da sunana na yanka take kirana, kamar baƙo, kuma ban taɓa jin sunan nan ya yi mini ɗaci haka ba. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi. Da ya tsagaita muka hau muka duba. Inda fatar take, ruwan dutsi ya bi ta kanta ya sauka gamanoni garau, bai ɗauki ƙasa ba. Inda na fasa kuwa ya kwashi rairayi, ya yanka rami har gwiwa, ya binne rabin gujiyar Kaka da ta maƙwabtanta biyu. Ita da kanta ta je gidajensu ta ba da haƙuri. Ta ce sakacinta ne, ba ta ambaci sunana ba, duk da kowa a ƙauyen ya ga wanda ya hau gangaren da hauya. Ranar na shiga bayan rumbu na yi kuka, ƙato da ni.

Bazara mai zuwa ta aiko a ce wa mijinta ya zo. Da na ji kalmar na san an yafe mini. Muka cike ramin da duwatsu da ƙirare, sannan ta ɗauko ƙwarya ta nuna mini aikin da ba ta taɓa nuna wa kowa a gidan ba. Ƙasa uku take haɗawa. Ta farko gutsattsarin tsohuwar fata, ta murje su da hannu. Ta biyu daga gindin gawo, inda shanu ke kwanciya da rani. Ta uku ɗan kaɗan daga jikin shuri. Ta dama su da ƙasari, ruwan da aka wanke surfen hatsi da shi, ta yayyafa a kan rairayin, ta jera rassan sabara a kai domin inuwa. Na ce tunda fata muke so, me zai hana mu zuba gutsattsarin fatar kaɗai?

"Ita kaɗai ragguwa ta, kamar ka," ta ce. "Ta gawo ita ka ciyar da su. Ta shuri mai hwaɗa ta, ba ta barin kowa shi zamna lahiya. In tay yi yawa ta kore kowa, in babu ta kowa shi yi kwance. Sai sun ji ta kusa su ka tashi su kama juna."

Na yi dariya a raina, na ce zancen tsofaffi. Amma na kama bakina, domin wanda ya binne gujiyar mutane ba shi da ta cewa.

Shekaru suka wuce, karatu ya kai ni ga ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani, waɗanda muke ce wa bakteri, musamman na cikin ƙasa. Abin da na fara koya shi ne ba su cika zama ɗai-ɗai ba. Sukan taru a jikin abu, su fitar da wani yauƙi, su lulluɓe kansu da shi su zauna a ciki. Yauƙin ke riƙe musu ruwa, shi ke kare su, shi kuma ke manne ƙwayoyin rairayi da juna. A labo, wato ɗakin bincike, muna ce wa wannan shimfiɗa biyofilm. Ranar da na fara ganinta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zarurrukanta, saurar Kaka ce ta faɗo mini a rai. Na je na roƙe ta ɗan ɓawo. Ta ɓalle mini kamar girman babban yatsa, ta ce abin da ya saura in mayar mata da shi.

A labo an hore mu da tsabta, kowane iri a ware shi a nasa ɗan faifan gilashi, kada wani ya taɓa wani. Haka na yi. Na ware iri-iri daga ɓawon, na ba kowanne abinci, suka yi ta yaɗuwa. Amma shimfiɗar da kowanne ya yi shi kaɗai siririya ce, ana zuba ruwa ta wanke. Watanni ina wannan, har na fara zargin kayan aiki. Wata safiya ina wanke faifan na tuna ƙwarya, na ji kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Na fara haɗa su bibbiyu, uku-uku. Wasu ba su kula juna ba. Wasu ɗaya ya kashe ɗaya. Amma a wasu faya-fayan shimfiɗa ta tashi da kauri, ta tattare, ruwa ya bi ta kanta bai ɗaga ta ba. Akwai mai zare, wanda ke yin abincinsa da hasken rana yana zubar da saura. Akwai mai cin sauran nan yana yin yauƙi. Akwai kuma wani da ke fitar da abin da ke cutar da maƙwabtansa. In na sa shi kaɗan, sauran sai su ƙara kaurin yauƙinsu domin kare kai, shimfiɗar ta fi kowacce ƙwari. In na sa shi da yawa sai in tarar faifan fayau. Ban tabbatar cewa shi ne ke cikin ƙasar shuri ba, kuma ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma mai faɗan nan na gan shi da idona.

Da na je gida na nuna mata hoton a waya. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta ce kamar saman kunun da ya huce.

"Shekara nawa kay yi kahin ka gano wanga?"

Na ce shida.

"To madalla. Da ka tambayi matarka da ka huta."

Ba zan rubuta Kaka in bar rigimarta da Baba Ƙarami ba, kuma ba zan mai da shi mugu ba. Mutum ne mai iyali da yawa, gonarsa ta gaji, kowane taƙi na ƙasa yana da amfani a wurinsa. Zancen doguwar nan ma yana ɓata masa rai, ya ce camfi ne, bai dace da gidanmu ba. Wata shekara ya saɓi hauya ya nufi saurar. Ta riga shi isa, ta zauna a bakin ƴar hanyarta tun hantsi, babu inuwa, babu ruwa.

"Inna," ya ce, "ɗiyana hatsi su ka ci, ba ɓawo ba."

"Shekara biyu za ka ci. Ta ukku dutsi shi sauko maka gona, shi sauko ma matan ga duka."

Ya tsaya, ta zauna, har rana ta take. Shi ya fara gajiya da ganin uwarsa cikin rana, ya juya. Sun yi wata guda gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ni ina Yamai ina goyon bayanta a waya, kuma yanzu na san goyon baya ba shi da wuya ga wanda ba daga rumbun nan yake ci ba.

Shekarun farko ina zuwa kowace bazara mu yi yayyafin tare. Fatar ba ta sauri. A shekara takan matso daga gefe kamar faɗin tafin hannu biyu ko uku, wani lokaci ruwa ya ci rabin abin da ta yi. Daga baya aiki ya yi mini yawa, ko in ce na bar shi ya yi mini yawa. Bazara uku a jere ban zo ba. Kowace shekara Gwaggo takan kira ta ce Kaka ta ce a gaya wa mijinta ƙwarya na jiran sa. Nakan ce baɗi in sha Allah. Ina tsaye gaban mutane ina bayanin yadda ƙwayoyin ƙasa ke kama juna, matar da ta koya mini tana can tana aiko saƙo. Wannan ya fi fasa fatar yi mini ciwo, domin wancan karon ban sani ba.

Washegarin sadakar uku, bayan an sha kunu, Baba Ƙarami ya ce in taso mu je saura. Tun a mota na shirya jawabina, na ware hotuna a waya, na tanadi amsar duk abin da zai ce. Sai na ga bai ɗauki hauya ba. Buta ya ɗauka, da wata ƙwarya rufe da faifai. Da muka isa ya bi ƴar hanyar Kaka, ƙaton mutum yana jera sawu ɗaya gaban ɗaya, har gindin babbar sabara.

Na kasa gane wurin da na fasa. Fata ta rufe shi baƙi ƙirin tun daga sabara har hanya, sai wani ɗan fili a tsakiya, girman faifai, rairayi fari.

"Shekara goma sha ɗaya tana ɗumke shi," ya ce. "Wanga ta bari tun shekara ukku. Ta ce kowa kar shi taɓa, naka na. Da ƙahwahunta sunka ƙi, ni ka kawo mata ƙasar shuri tana gyara gehe-gehe, ni da nic ce camhi na."

Na mayar da wayar aljihu.

"Ga alkawalin da munka yi da ita, ɗana. Muddin kana zuwa kowace bazara da ƙahwarka, ba aike ba, ban sa hauya nan. Shekarad da ba ka zo ba in shuka, kuma ban jin kunyar kowa. Ita tac ce haka, ba ni ba."

Na buɗe ƙwaryar. Ƙulli uku ne a ciki, kowanne a tsumman tsohon zaninta, ba ta haɗa su ba. Na murje na farko, na zuba na biyu. Da na kwance na shuri sai hannuna ya tsaya. A labo babu abin da ban auna ba, amma ban taɓa lura da yawan abin da yatsunta ke ɗiba ba. Na ɗibi abin da na ga ya dace. Baba Ƙarami ya durƙusa kusa da ni, ya kama wuyan hannuna, ya kaɗe rabi ya mayar cikin tsumman.

"Ya yi yawa. Ta ce kullum hannunka nauyi gare shi."

Butar kuwa ƙasari ne a cikinta, Gwaggo ta tace shi da safen. Na dama, na yayyafa, muka karyo rassan sabara muka jera. A nan durƙushe muka ɗaga hannu. Allah ka yafe wa baiwarka, ka yalwata mata inda take kwance, ka lulluɓe ta da rahama kamar yadda ta lulluɓe ɓarnata ba ta tona ni ba. Ɗan ruwan da ya fantsama a gefe ya sa tsohuwar fatar ta fara yin kore kewaye da mu. Tsakiyar tana nan fara a ƙarƙashin rassan, kuma na san za ta ɗauki shekaru.

Baba Ƙarami ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi gabas inda hadarin ke ƙara duhu.

"Baɗi war haka ina jiran ka."

Na ce in sha Allah.

Ya ɗauki butarsa, ya sa ƙafa a ƴar hanyar, bai waiwayo ba.

"Ita ma haka kac ce mata."